Shanun da Ba Su da Tozo

Ranar Talata, idan kara ta cika a Talata Mafara, abu na farko da idon mai saye ke sauka a kai shi ne tozo. Gudali ne, ko Bunaji, ko jan Rahaji mai dogon ƙaho, kowanne da tozonsa, har mun saba ɗaukar cewa haka sa yake tun fil'azal. Amma a Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai wani garke da ya daɗe tsaye a jikin dutse, an zana shi da jan launi, wani wurin da fari, a ƙarƙashin manyan duwatsun da suka kifu suka yi rumfa. Galibin shanun wannan garke ba su da tozo. Wasu dogayen jiki ne masu dogon ƙaho, wasu gajeru ne masu kauri da ɗan guntun ƙaho, kamar muturun da har yau ake kiwo a kudancin Najeriya. Masana tarihin dabbobi sun yarda cewa shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma da daɗewa. Wanda ya yi zanen ya zana abin da yake kiwo ne, kuma abin da yake kiwo ba shi muke kiwo ba.

Yawancinmu 'yan Mafara da Bakura da Maradun ba mu taɓa taka Birnin Kudu ba. Idan mun san waɗannan shanu, a hoto muka san su. Haka ma duk zanen duwatsun Sahara da na Azbin. Saboda haka yana da kyau mu san yadda irin waɗannan hotuna suka samu, wa ya ɗauka, da me ya ɗauka, kuma wa aka nuna wa ya ce daidai ne ko ba daidai ba. Wannan tambaya ta ƙarshe ita aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fi gyara tarihin nan.

A watan Yulin 1850 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya yada zango a wani kwari na tsaunukan Messak a kudu maso yammacin Libiya. Nan ya ga zane a sassaƙe jikin dutse, ya fito da fensir ya kwafa. An ƙirƙiro kyamara shekara 11 kafin nan, amma ba kayan da za a ɗora wa raƙumi a ratsa hamada da su ba ne. Barth ya lura da abu mai muhimmanci: ga shanu birjik a zanen, babu raƙumi ko ɗaya, a ƙasar da a zamaninsa ba mai iya ratsa ta sai da raƙumi. Ya fahimci cewa an yi lokacin da hamadar ke ɗaukar saniya. A nan ya yi daidai. Sai dai da ya zo kan wani zane na mutane biyu masu kan dabba da saniya a tsakaninsu, karatunsa na Girkanci ya rinjaye shi, ya nemo musu fassara daga tatsuniyoyin gumakan Girkawa, har zanen ya shahara da sunan Apollo. Daga nan ya wuce Agadas, ya shiga Kano a 1851, a 1853 kuma ya bi ta Zurmi ya ratsa ƙasar Zamfara zuwa Wurno da Sakkwato. Littafinsa ya fito a 1857 da 1858, kuma masu karatu a Landan da Berlin ne suka yi muhawara a kan zanen. Mutanen da ke kiwo a gindin duwatsun ba su ga kwafin ba, balle su ce uffan.

Shekara ɗari bayan haka abin bai sake zani ba, sai ma ƙara girma da ya yi. A 1956 Henri Lhote, Bafaranshe, ya tafi tsaunukan Tassili na kudancin Aljeriya da ayarin masu zane, suka shafe wata 16 suna kwafar abin da ke jikin kogunan, suka dawo da kwafi kusan 800. Aka baje su a Paris, jama'a suka yi ta tururuwa. Wanda ya san hanyar kowane kogo, ya kai su ɗaya bayan ɗaya, wani Buzu ne mai suna Jebrin, amma sunan Lhote ne a bangon littafin. Don launi ya fito sosai, sukan jiƙa soso su wanke zanen da ruwa kafin su kwafa. Zanen da ya yi dubban shekaru a bushe, sai ga shi ana goge shi kamar tukunya. Masu yawon buɗe ido da suka biyo baya suka ɗauki wannan ɗabi'a, kowa ya watsa ruwa ya ɗauki hotonsa ya tafi, kuma masana sun daɗe suna kukan yadda launin wasu zane-zanen ya dusashe.

Akwai abin da ya fi wannan ban dariya da ban haushi. A cikin kwafin da aka wallafa har da wasu mata huɗu masu kan tsuntsu, da salon zanen Misirawan dā sak. Lhote ya kafa hujja da su cewa hannun Misira ya kai Tassili. Daga baya ta bayyana cewa wasu daga cikin masu zanen ayarin ne suka ƙirƙire su don tsokana, aka kuma cire su daga bugun littafin na baya. Wani babban zane mai zagayayyen kai kuwa, Lhote ya laƙaba masa sunan ubangijin mutanen duniyar Mars, wataƙila cikin raha, amma marubuta masu neman kasuwa suka cafe, har yau ana yawo da hoton a waya ana cewa ga shaidar baƙi daga sama. A Namibiya ma haka aka yi da zanen tsaunin Brandberg: babban masanin Faransa Henri Breuil ya fara ganin kwafi ne, ya yanke cewa farar mace ce daga yankin Bahar Rum, ya je da kansa a 1947 bai sauya ra'ayi ba. Sai da Harald Pager ya zauna ya kwafi zanen layi bayan layi aka tabbatar namiji ne, kuma aikin mutanen ƙasar ne. Idan muka jera waɗannan kurakurai za mu ga duk gefe guda suka karkata. Kowanne ya ɗauke zanen daga hannun Ba'afirke ya miƙa wa wani na nesa.

Labarin Birnin Kudu ya ɗan fi wannan daɗin ji. A tsakiyar shekarun 1950, lokacin garin yana cikin lardin Kano, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya je ya rubuta bayanin zanen da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu da Dutsen Zane. A 1955 ya lura da wani abu kusa da zanen: wasu duwatsu masu ƙananan ramuka masu santsi, alamar an daɗe ana bugunsu, waɗanda idan aka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane wuri da irin muryarsa. Ya kai bayanin taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Livingstone a shekarar, ya kuma wallafa a mujallar Man ta Landan a 1956. Sai wasiƙu suka fara zuwa, wannan ya ce akwai irinsu a Yuganda, wancan ya ce ya gani a Turai. Cikin 'yan shekaru duwatsun kiɗa suka zama fanni mai zaman kansa, har matarsa Catherine Fagg ta fitar da littafi a kansu a 1997. A tsakanin nan Hamo Sassoon ya wallafa zanen Geji na kusa da Bauchi a 1960, mai ɗauke da shanu da namun daji da mutane.

Abin lura shi ne babu kyamarar da za ta iya ɗaukar ƙarar dutse. Hoton Dutsen Habude komai kyansa, shiru yake. Kuma an rubuta cewa a Birnin Kudu amare da ƙawayensu sukan je ɗaya daga cikin waɗannan rumfunan dutse a lokacin biki, abin da ba a jikin bango aka karanta shi ba, daga bakin mutanen gari aka ji. A 1962 James Vaughan ya ba da labarin ƙasar Margi, inda ya tarar zanen dutse bai mutu ba tukuna, samari suna yin sa a cikin al'adar shiga manyanta da shirin aure. Da hoton kawai aka aika Paris, da wataƙila an ba shi shekara dubu uku da wata fassara mai nauyi. Shi ya tambayi masu abin, suka faɗa masa.

Mu haura arewa kaɗan. Gobirawa suna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro, kuma a ƙarni na 18 suka ci Birnin Zamfara suka zauna Alƙalawa, don haka duwatsun Azbin ba baƙi ba ne a labarinmu. A Dabous, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu a sassaƙe kan wani falalen dutse, babban ya kai mita 5.4, an fitar da kowane tabo na fatarsa. Ana ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000, kuma akwai wasu zane fiye da 800 a kewaye. Christian Dupuy ya rubuta su a 1987, amma duniya ba ta waiwayo ba sai da David Coulson, mai ɗaukar hoto da ya kafa ƙungiyar TARA a Nairobi, ya ɗauke su a 1997. A 1999 aka yi musu zubi, aka kafa kwafin a filin jirgin saman Agadas. Za mu so ƙwarai mu ce kakannin Gobirawa ne suka sassaƙa su. Shekara dubu shida tazara ce da ba a tsallake ta da son rai, kuma idan muka yi haka mun bi sawun Breuil ke nan, mun dai juya akalar zuwa gida.

Hotunan TARA kusan 25,000 suna hannun Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda ya fara tsara su da ɗora su a intanet a 2013. Har da na Najeriya da Nijar a ciki, kuma kowa na iya buɗewa daga wayarsa. Aiki ne mai kyau, ba mu raina ba. Bayanin da ke ƙarƙashin kowane hoto dai da Turanci yake. Bafulatanin da ya tashi a cikin garke, wanda zai kalli lanƙwasar ƙaho da faɗin ƙirji ya gaya maka ko karsana ce ko bijimi, ko mai zanen ya san saniya ko ji kawai ya yi, ba ya cikin waɗanda aka tsara hoton zai isa gare su.

Yanzu kyamara ta shigo aljihun kowa, kuma mu da muke cin abinci da rubuta manhaja muna da abin cewa a nan, domin soso da fensir ɗin Lhote sun koma cikin wayar, sai dai ba a ganinsu. Hoton waya lambobi ne zalla. Kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. A jikin dutse waɗannan ukun tare suke hawa tare suke sauka, inda haske ya bugi dutse duk su tashi, inda inuwa take duk su faɗi. Jan launin da ya dusashe yana iya bambanta da dutsen da ke ƙarƙashinsa da lamba uku ko huɗu kacal, abin da ido ba zai kama ba. Akwai wani lissafi da masu binciken sararin samaniya na Amurka suka ƙirƙiro don hotunan da ake ɗauka daga sama, wanda ke ware abin da launukan suka yi tarayya a kai, ya kama ɗan bambancin da ya rage ya miƙe shi har ya fito fili. A 2005 Jon Harman ya mayar da shi manhaja don zanen duwatsu, ya sa mata suna DStretch, yanzu har a waya ana samunta. Da ita aka gano zane kusan 200 a bangon Angkor Wat na Kambodiya, aka wallafa a 2014, a wurin da miliyoyin mutane suka wuce ba su ga komai ba. Ba a taɓa bango ba, ba a zuba ruwa ba.

Amma lissafin bai san zane ba, bambanci kawai ya sani. Tsatsar ƙarfen da ruwan sama ya zubo da ita, gansakuka, kashin jemage, duk zai miƙe su su yi ja wur. Idon ɗan Adam kuma gwani ne wajen ganin saniya a cikin gajimare. Ga kuma wata matsalar da ta fi kusa da mu. Tsarin JPEG da wayoyi ke adana hoto da shi an gina shi ne kan cewa ido ya fi kula da haske fiye da launi, don haka yakan zubar da kaso mai yawa na bayanin launi, ya kuma yanka hoton gida-gida, ɗigo takwas tsaye takwas kwance. Idan aka tura hoton ta WhatsApp sai a sake matse shi. Daidai ɗan bambancin nan na lamba uku ko huɗu shi ne abin da ake fara zubarwa. Wanda ya ɗauki irin wannan hoto da ya bi hannu biyar ya sa a DStretch, gidajen JPEG ɗin zai gani sun fito da kusurwoyi, ya rantse ya gano rubutun mutanen dā.

Wayoyin zamani ma ba sa tsayawa kan abin da suka gani. A 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a fuskar kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai hoton ya fito da ramukan wata tsaf, waɗanda babu su a abin da aka ɗauka. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana gane wata ne ta ƙara masa armashi. Idan manhaja za ta yi wa wata kwalliya, ba abin mamaki ba ne ta gyara layin da ya yanke a jikin dutse don hoto ya yi kyau. Masu zanen Lhote aƙalla sun san lokacin da suke tsokana.

Abin da masu wannan aiki suka koya da wahala ba shi da yawa. Ba a jiƙa zane, ba a bin sa da alli, ba a shafa shi da hannu. Wanda aka sassaƙa ya fi fitowa da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a gicciye ya cika ramin da inuwa, wanda aka yi da launi kuma ya fi son inuwa mai laushi. A ajiye ma'auni a gefe, ko da rula ce ta 'yan makaranta, don mai kallo ya san tafin hannu ne ko tsayin mutum. A ɗauki dutsen gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi kafin a matsa kusa. Sannan a adana hoton asali yadda ya fito, a riƙa nuna shi kafaɗa da kafaɗa da wanda aka sarrafa, don mai duba ya iya cewa wannan ƙafar ba ta nan, kai ka sa ta.

A nan ne wani tarko yake. Hanyar da ake kauce wa matsewar WhatsApp ita ce a tura hoton a matsayin fayil, sai ya isa da launinsa cikakke. To a haka kuma yake isa da duk bayanan da wayar ta liƙa masa, har da lambobin da ke nuna daidai inda aka tsaya, idan ba a kashe su ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun 1990 an yi ta haƙe mutum-mutumin yumɓu na dauri a wannan yanki ana fita da su, yankin Kwatarkwashi na cikin inda abin ya shafa, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa na Nok da Katsina da Sakkwato a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Yau ga masu haƙar zinari ko'ina, ga masu fasa dutse, ga masu imanin cewa duk inda aka ga alamar mutanen dā akwai dukiya a binne. Hoton da aka jefa cikin zauren mutum ɗari biyu don a ji ra'ayi yana iya zama taswira ga mai diga. Wurin kai irin wannan bayani shi ne Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da cibiya a Birnin Kudu saboda zanen, ko sassan tarihi na jami'o'in Sakkwato da Zariya. Jama'a kuwa a nuna musu hoton, a ɓoye inda yake.

Mun san halin da ake ciki. Da yawa daga duwatsun da ke bayan Maradun da dazukan da ke kewaye ba wuraren da mai hankali zai je da waya yana ɗaukar hoto ba ne a yanzu, kuma ba mu ce kowa ya sai da ransa saboda tarihi ba. Amma rabin aikin, kamar yadda Birnin Kudu da ƙasar Margi suka nuna, ba a gindin dutse ake yin sa ba, a zaure ake yi. Ana iya buɗe hoton shanun Dutsen Mesa a nuna wa dattijon makiyayi a Bakura, a yi shiru a ji me zai ce game da ƙahon. Ana iya tambayar tsohuwa ko a ƙuruciyarsu akwai dutsen da 'yan mata ke bugawa ya yi ƙara, da sunansa, da lokacin da ake zuwa. Maharba sun san kowane kogo da abin da ke jikin bangonsa. A ɗauki muryarsu da izininsu, a rubuta suna da rana, a haɗa da hoton.

Akwai wani yanki namu da tambaya kaɗai ta rage a kansa. Lokacin da za a gina madatsar Aswan, duniya ta taru daga 1960 ta rubuta abin da ruwa zai ci a ƙasar Nuba, har da dubban zanen duwatsu. A Kainji ma masu binciken kayan tarihi sun yi aikin ceto a shekarun 1960 kafin ruwa ya taso. Madatsar Bakolori da aka gina a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978 ta shanye fili kimanin hekta 8,000, ta tashi garuruwa da ƙauyuka, aka mai da mutane sabuwar Maradun da wasu matsugunai. Abin da aka fi tunawa shi ne rikicin diyya da jinin manoman da aka zubar a 1980, kuma ya cancanci a tuna. Amma a ƙarƙashin ruwan nan akwai kufai da maƙabartu da duwatsu masu suna, waɗanda babu wayar da za ta sake ɗaukar su. Wanda yake ɗan shekara 20 yana kiwo a wannan kwari a 1978, yau yana dab da 70.